Ranar da Mamuda Ya Yi wa Kwamfutar Hamza Sabis

Duk bakin ruwan Wara babu wanda bai san Mamuda makaniken injin jirgi ba, don ko ba ka taɓa kai masa gyara ba, ka taɓa jin muryarsa. Shi da hannunsa ya rubuta "Injiniya" da jan fenti a bangon shagonsa. A faɗarsa, tun da aka fara ƙera inji a duniya ba a yi wanda bai san cikinsa ba. Yakan ce lokacin da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato an aiko masa takarda ya je Birnin Kebbi ya riƙe injinan gwamnati gaba ɗaya, sai dai takardar ta faɗa ruwa a hanya. Shekara goma da ɗoriya ke nan, takardar ba ta bushe ba.

Kada a zalunce shi, ya iya wanke fulogi, ya iya busa kafireta, kuma in ya kwance inji yakan mayar da mafi yawan kayan.

A wannan shekarar ƙungiyar masu jiragen ruwa ta gina rumfar gyara daidai inda jirage ke tsayawa, da rufin kwano, da daɓen siminti, da ƙofa mai kwaɗo. Aka ce makanike ɗaya za a ba mabuɗin, kuma shi zai riƙa duba injinan 'yan ƙungiya duka. Shagon Mamuda kuwa yana can bayan kasuwa, sai mutum ya saɓa inji a kafaɗa ya ratsa masu albasa kafin ya kai. Son rumfar nan ya shiga ransa har ya sayi sabon gwangwanin jan fenti ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, wato Emmanuel, wani makanike daga ƙauyen da ke kusa da Ngaski, mutum marar surutu wanda in ya gyara inji ba ya dawowa.

Ranar kasuwa da hantsi aka taru a gindin bishiyar bakin ruwa don a yanke magana. Shugaban ƙungiya, Alhaji Gidaɗo, bai gama gyara zama ba Mamuda ya miƙe.

"Shugaba, mi za a tsaya ana dogon zance? Inji duk inji na. Wallahi a kawo min jirgin sama yanzu, in kwance shi in ɗaure kahin la'asar."

"Jirgin sama dai ba ni da shi," in ji Alhaji. "Amma akwai wani abu gida da ya hana mu sakat."

Abin da ya hana su sakat kwamfuta ce, irin wadda ake ninkewa a saƙale a hammata. Ɗansa Hamza, wanda ke aiki a Kaduna, shi ya zo hutu da ita, kuma ba ta rubutu ba ce kawai, ta wasa ce: ƙwallo ake bugawa a cikinta, da 'yan wasa da alƙali da ihun 'yan kallo. Da yake wutar da ake dogara da ita ta janaretan injin cashe shinkafar Alhaji ce, can Hamza ya kafa zama wata guda cur, samarin gari na layi a bayansa. Ƙaiƙayi da ƙurar shinkafa suka yi ta shiga cikinta. Yanzu da an fara wasa sai ta hau gurnani, ta ɗauki zafi, ta mutu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da sassafe Hamza ya hau mota zuwa Yelwa, ya bar ta a kan buhu.

"Na ji shina hwaɗin ƙura ta cika mata ciki," in ji Alhaji. "Wai iska taka so."

Inna Asabe, mai suyar kifi a gefen bishiyar, ta ajiye cokali. "Iska? A'uzubillahi! To mi ya kawo makanike ciki? A kai ta wurin 'yan bori masu girka mana."

Aka yi dariya. Alhaji ya dubi Emmanuel.

"Alhaji, ni ban san ta ba," in ji Emmanuel. "Abin da ban sani ba, ba ni taɓa shi. A jira mai ita."

Mamuda ya tafa hannu har hularsa ta karkace. "Kun ji ko? Jama'a, ku zama shaida! Akwatin wasan yara ya ba shi tsoro. Shugaba, kawo ta nan. Sabis na za a yi mata, kuma gaban kowa zan yi, don masu koyo su koya."

Alhaji dai ya gaji da ƙorafin ɗansa, kuma a ganinsa abin wasa abin wasa ne. Ya hau babur ya ɗauko ta da kansa. Ya ce Hamza zai dawo a motar la'asar, in ya iske ta lafiya, mabuɗin na Mamuda ne.

Aka jawo tebur tsakiyar fili. Mamuda ya zazzage jakar kayan aikinsa, sifana da guduma da filaya suka zube, ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki kwamfutar ya jinjina, ya kara ta a kunne ya girgiza, ya shinshina. Sannan ya kafa bakin sukudireba ta bayanta, wajen da marfin ya haɗu da jiki, ya fara ɓanɓara.

Jibrin mai faci, wanda rumfarsa ke kusa, ya miƙo yatsa ya tura wani ɗan maɓalli a gaba. Marfin ya ɗago da kansa.

"Na sani," in ji Mamuda. "Gwada ku nike."

Ya kife ta ya nemi notuna. Ga su nan birjik, amma kowanne bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma mafi ƙanƙantar sukudirebarsa ta fi ramin faɗi sau uku. Ya ari wuƙar fiɗar kifi ta Inna Asabe.

"In ka karya min baki nata, kai zan gyara kihi da haƙoranka," ta ce.

Da tsinin wuƙa ya yi ta murɗa, gumi na ɗiga, har ya tara notunan a gefen tebur. Biyu suka ƙi fita, sai ya sa ƙarfi. Murfin ƙasan ya ce ƙaras, ya rabo ya bar ɗan guntu a baya.

"Haka taka kuka in an buɗe ta daidai," ya gaya wa jama'a.

Mutane suka matso, masu jirgi da fasinja da 'yan kasuwa, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Ga 'yar fanka nan ba ta fi murfin kwalba girma ba, kuma a bakin ramukan da iska ke fita ƙaiƙayi da ƙura sun dunƙule sun yi kauri kamar tsumman bargo. Mamuda ya sa yatsu biyu ya zaro dunƙulen ɗungurungum, ya ɗaga shi sama.

Fili ya ɗauki "Kai!" Har Alhaji ya gyaɗa kai.

Ni mai ba ku labarin nan, wannan wurin ne ke ba ni haushi har yau. Wallahi da Mamuda ya tsaya nan ya rufe, da ya ci rumfa. Aikin ya ƙare, ciwon ke nan a hannunsa. Har Emmanuel, abokin takararsa, ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Mamuda, ina ga ya isa. Rufe ta haka."

Mamuda ya dube shi sheƙeƙe. A ransa ya ce, ga shi nan, so yake gobe a ce da shawararsa aka gama.

"Ya isa? Mai ita ya ce iska taka so, kai ka ce ya isa? Matsa ka ga aiki."

Ya cika kumatu ya duƙa ya busa. Ragowar ƙurar ta taso ta shige masa hanci da idanu. Ya ɗago, ya buɗe baki, ya saki wata atishawa da ta kwashe notunan tebur kaf ta watsa cikin yashi. Kafin a ce a tsince, wata kaza da ke kiwo a gindin murhun Inna Asabe ta iso a guje ta fara aiki.

"Kore ta! Kore ta!"

Aka kora, amma ta riga ta haɗiye uku.

"Ba komi," in ji Mamuda yana share hawaye. "Masu ƙira kullum sukan sa rara."

"To kazar ga dai ta ɗauru," in ji Inna Asabe. "Ba ta sake kwancewa."

Dariyar ta sosa masa rai. Ya ga in bai nuna wani abu babba ba, labarin kaza ne za a kai hayi. Ya waiga ya hango injin da Jibrin ke ba tayoyi iska.

"Jibrin, ta da injinka, jawo tiyo."

Jibrin ya sosa ƙeya. "Injiniya, wanga iskan tayar babbar mota na hwa."

"An ce maka ni ɗan koyo na? Buɗe duka."

"To ko ka riƙe fankar da tsinke," in ji Emmanuel. "Ƙarama ce, kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta."

"Ka taɓa ganin inda anka ɗaure farfela ana son ta yi aiki? Allah ya sauwaƙe maka, Emmanuel."

Injin ya tashi, tiyo ya miƙe. Mamuda ya saita bakinsa daidai kan fankar ya danna. Da farko ta yi wani siririn kuka irin na sauro. Kukan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har mata suka toshe kunne, wani jaki ya tsinke igiya. Sai aka ji tas, tas, tas, tas. Da ƙura ta lafa, fankar na nan tana juyawa abinta, amma babu fiffike ko ɗaya a jikinta.

"Kun ji ta daina ƙara?" in ji Mamuda da ƙarfi. "Ƙarar ce dama ciwon."

Don kada kowa ya sami damar leƙawa, ya yi maza ya birkice ta, ya ce ai tsakanin haruffa ma akwai ƙura. Ya kai tiyo kan madannan.

Haruffa suka tashi sama. Wasu suka zube cikin kwandon albasa, ɗaya ya maƙale a naɗin hular Alhaji, ɗaya ya faɗa kaskon Inna Asabe ya ce cuu. Guda huɗu ko biyar suka sauka cikin wani jirgi da ya riga ya ɗaga zuwa hayin Neja, mai jirgin na ta ɗaga hannu yana zaton sallama ake masa.

"Kashe! Jibrin, kashe!"

"Kai ka ce in buɗe duka!"

Kasuwa ta watse ta koma tsintar haruffa. Manya da gemu suna rarrafe cikin yashi, kowa ya samu ya kawo tebur kamar mai ba da gudummawar biki. Inna Asabe ta tsamo nata da cokali, ya nannaɗe ya yi ja.

"Mamuda, wane harahi na wanga?"

Jibrin ya karɓa ya juya shi. "Da dai boko na. Yanzu ya koma ajami."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya cire hula ya zaro nasa harafin ya ajiye. "Mamuda, ka tabbata ka san abin da kaka yi?"

"Shugaba, ai alheri na ya hwaru. Tun da na buɗe ta na ga kuskure, kunya ta hana ni magana. Wanda ya jera haruffan ga bai gama firamare ba. Ina ka taɓa jin an fara karatu da Q? Yanzu zan gyara musu kyauta."

Ya zauna ya jera su tsaf yana rerawa: A, B, C, D. Inda babu harafi ya bar giɓi, ya ce iska za ta riƙa shiga ta nan. Ya ɗiga wa gindin fankar baƙin mai. Da yake notuna sun yi ƙaranci, ya karɓi tsohon tub na taya wurin Jibrin ya yanko roba, ya ɗaure murfin ƙasan tamau kamar kayan da za a ɗora a bayan keke. Ya yi bisimilla, a karo na farko tun safe, ya danna maɓallin kunnawa.

Kun san abin haushi? Ta kama. Allon ya kawo haske, ta yi 'yar waƙarta ta tashi.

Fili ya kaure da sowa. Wani ya ɗaga hannun Mamuda sama. Shi kansa Mamudan sai da ya zaro ido don mamaki, amma nan take ya gyara fuska. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya sa hannu a aljihu ya zaro mabuɗin rumfa.

"To, ga alama ba sai mun jira Hamza ba. Karɓi."

Mutum mai hankali zai karɓa ya sa a aljihu ya tafi salla. Mamuda ya ɗaga tafin hannu.

"Dakata, Shugaba. Abu awa wanga ba a karɓa tai a ɓoye. Bari in yi wa jama'a 'yan kalmomi."

Ya hau benci. Ya fara daga kakansa, wanda a cewarsa shi ya fara jin ƙarar inji a duk yankin. Ya bi ta kan injin da ya tayar bayan ya kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa. Ya yi wa matasa nasiha a kan haƙuri da ƙanƙan da kai. Ya yafe wa masu hassada, yana kallon Emmanuel. Aka kira azahar aka idar, yana kan benci. Alhaji na tsaye da mabuɗi a hannu, kwamfuta na kan tebur cikin rana, a kunne, ba fanka.

Inna Asabe ce ta fara ɗaga hanci. "Wa ya sa roba wuta?"

Alhaji ya ɗora hannu a kanta ya janye da sauri. "Mamuda! Zahinta ya hi na da!" Ya mayar da mabuɗin aljihu.

Ganin mabuɗin ya koma, Mamuda ya diro daga benci ya nufi kwamfutar. Ya taɓa, ya yarfe hannu. Ya hura mata baki, ya yi mata fifita da hula. Sai idonsa ya sauka kan duron ruwan da ke gindin bishiya. Duk makaniken jirgi da duro yake gwaji: in ya gama gyara sai ya tsoma gindin injin a ciki ya tayar, injin ya ja ruwa ya huce. Mamuda ya yi shekara ashirin yana haka, bai taɓa ganin ta ƙi ba.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce, murya ta dawo. "Saura gwaji. Injin jirgi fanka gare shi? Ruwa shika sha. Gindin kawai zan tsoma."

"Malam Mamuda, kada ka yi!" Wannan karon Emmanuel da ƙarfi ya faɗa, har ya riƙo masa riga.

"Sake ni! Hassada ba ta hana ni cin rumhwa!"

Ya fizge, ya sungumi kwamfutar da hannuwansa masu baƙin mai, ya kai ta bakin duro. Daidai lokacin motar Yelwa, wadda ta dawo da wuri, ta tsaya a bakin hanya. Hamza ya sauko da 'yar leda a hannu, ya ga taro, ya kutsa.

"Baba! Waccan ba tawa ba ce?"

Mamuda ya waigo da fara'a zai yi masa barka da zuwa. Kwamfutar ta sulɓe.

Bulum.

Ruwan ya yi 'yan tafasa, kumfa ta taso. Can sai haruffa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya suna yawo a sama. Duk faɗin bakin ruwan nan ba ka jin komai sai man Inna Asabe na ƙauri.

Hamza ya zura hannu har kafaɗa ya tsamo ta. Ruwa na zuba ta kowace kafa, robar tub na reto. Ya dubi giɓin haruffa, ya dubi mahaifinsa, ya zauna a yashi. Abin tausayi, wallahi. Ya zazzage ledar da ya zo da ita: ɗan buroshi mai laushi, da siririyar sukudireba, da 'yar robar da ake matsawa ta fesa iska.

"Abin da na je Yelwa nema ke nan," ya ce. "A kashe ta, a cire batir, a riƙe fankar, a share a hankali, a ɗan fesa iska kaɗan-kaɗan. Aikin minti goma, Baba. Minti goma!"

Alhaji ya sunkuyar da kai, don shi ya ɗauko ta da hannunsa. Mamuda kuwa bai san an gama ba.

"Ɗana, kada ka damu. Ƙura dai ta hita, wanga kowa shaida na. Yanzu sai a ɗora ta bisa ragar banda, hayaƙi ya busar da ita, gobe..."

"Da gishiri ko ba gishiri?" in ji Inna Asabe.

Dariyar da aka danne ta fashe, har masu jirgin da ke kan ruwa suna riƙe ciki. Alhaji ya zaro mabuɗin a karo na biyu, ya ratsa ta gaban Mamuda kamar ba mutum a wurin, ya danƙa shi a hannun Emmanuel.

"Shugaba!" Mamuda ya yi tsalle. "Shi mi ya yi? Tun sahe bai taɓa komi ba!"

"Shi ya sa," in ji Alhaji.

Mutane suka fara watsewa. Mamuda ya tsaya yana kallon rumfar, kwanonta na ƙyalli, ƙofarta sabuwa fil, ga Emmanuel yana gwada mabuɗi a kwaɗo. Idonsa ya kawo ruwa. Ya bi Alhaji da sauri har gindin babur, ya rage murya yadda ba a taɓa jin ya rage ba.

"Ranka shi daɗe, ko ba gyara ba. A bar ni in riƙa zama ciki. Ko shara ce in riƙa yi, in kakkaɓe ƙura."

Alhaji ya ɗora ƙafa a kan kik, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙura? Na ga yadda kaka hidda ƙura, Mamuda. Rumhwar ga da kwanonta muka son ta."